Minti Huɗu Na Farko: Kira Ga Iyaye, Malamai Da Masu Reno

 

Mu dai ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne, abin da muka sani awo da lissafi. To yau lissafin mintoci muka zo mu yi da ku, mintocin da ran yaro ke rataye a kansu.

Kowa ya san abin da ya kawo kakanninmu Jos. Kuza ce ta taso su daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci tun farkon ƙarni na 20. Kamfanonin Turawa sun kwashe kuza sun tafi, sun bar mana ramuka cike da ruwa, daga nan Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. Tafkin nan na Rayfield Resort da ake zuwa yawon Salla, shi ma tsohon ramin kuza ne. Irin wannan ruwa za ka gan shi kwance lumui, amma gaɓarsa a tsaye take, ga zurfi, ga sanyi. Nan kuwa yaranmu ke zuwa wanka da wanki.

Akwai ranar da ba za mu manta ba. Muna dawowa daga kasuwa da la'asar muka tarar an tsamo wani yaro daga ɗaya daga cikin ramukan nan, shekarunsa ba su wuce tara ba. Mun fi mutum ashirin a kansa. Wani ya ɗaga ƙafafunsa sama wai ruwa ya fito, wani yana danna masa ciki, wani yana fifita, saura muna salati. Daga baya muka sa shi a mota sai asibiti. Da likita ya duba shi, tambaya ɗaya ya yi mana: a cikinku wa ya hura masa iska, wa ya danna masa ƙirji? Muka yi tsuru-tsuru. Allah ya jiƙan yaron nan. Tausayi muna da shi a ranar, sani ne babu.

Ga abin da muka koyo daga baya. Idan numfashi ya ɗauke, zuciya ta tsaya, jini ya daina kai iska ga ƙwaƙwalwa. Cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, in an kai minti 10 kuwa da wuya a dawo da mutum yadda yake. To, don Allah ku lissafa. Daga bakin ruwa a Rayfield a nemi mota, a ɗauki mutum, a kai shi Asibitin Ƙwararru na Filato ko Asibitin Koyarwa da ke Lamingo, minti nawa ke nan? Ashe wannan ɗan lokaci yana hannun wanda ke kusa: uwa, malami, mai reno, maƙwabci.

Aikin da ake yi sunansa farfaɗo da zuciya da numfashi, likitoci suna ce masa CPR. Tun 1960 aka fara koyar da shi yadda yake a yau, a Amurka. A taƙaice, ka jijjiga mutum ka kira shi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi sosai, ka sa wani ya kira lambar gaggawa 112 ya kuma nemo mota. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tudun tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ka danna da ƙarfi kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Kowane dannawa 30, ka ɗaga haɓarsa, ka toshe hancinsa, ka hura masa iska ta baki sau 2. Jariri da yatsu ake danna masa. Wanda aka tsamo a ruwa kuwa, da hura iska ake fara masa, domin rashin iska ne ya tsayar da zuciyarsa. Ba a dainawa sai ya motsa ko ma'aikatan lafiya sun karɓa.

Abu ɗaya ya fi ba mu tsoro da muka ji shi. Sau da yawa wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi ta jan numfashi sama-sama, kamar minshari. Mu kan ce gargara ce, mu ja mayafi mu rufe. Alhali wannan alama ce ta cewa yanzu zuciyar ta tsaya, lokacin danna ƙirji ne.

Wani zai ce, to ai ga shi kun faɗa mana, mene ne na zuwa kwas da karɓar takarda? Jama'a, wanda ya ji bayanin tuƙi a majalisa ba ya zama direba. A wajen horo mutum-mutumin roba ake ajiye maka, ka durƙusa ka danna har ka yi gumi, mai koyarwa yana gyara maka hannu. A nan za ka san ƙarfin da ake bukata, ka san ko haƙarƙari ya karye ba a tsayawa, ka koyi yadda ake ceton yaron da ƙashi ko alewa ta shaƙe. Takardar shaida kuma tana da wa'adi, shekara biyu ko uku a sake horo, domin hannu yana mantuwa. Sannan ranar da abu ya faru, mai takarda shi ke da bakin cewa kowa ya matsa, kuma a matsa.

Mun san masu cewa ajali in ya zo babu makawa. Gaskiya ne. Amma wa ya san ajali ne kafin ya gwada? Masu kallon ƙwallo za su tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na Legas ran 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. A watan Yuni 2021 Christian Eriksen na Denmak ya faɗi haka nan a filin wasa, zuciyarsa ta tsaya. Nan take aka hau danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar girgiza zuciya, ya farfaɗo, a 2022 ya koma buga ƙwallo. Rai na Allah ne, amma sababi namu ne.

Akwai kuma masu jin nauyin taɓa matar da ba tasu ba. Malamanmu suna nan, su suka koya mana hukuncin larura. Duk da haka hanya mafi sauƙi ita ce matanmu su koya, tunda su ke gida da yara wuni guda, mu muna kasuwa.

Saboda haka ga roƙonmu ga wannan ƙungiya. Na farko, a tuntuɓi reshen Red Cross na Jihar Filato ko ma'aikatan asibiti, a tsayar da rana su zo su horar da mu, maza daban mata daban. Na biyu, kowace makaranta, ta boko ko ta Islamiyya ko ta allo, ta kasance tana da malamai biyu masu takardar nan, don in ɗaya ba ya nan ɗaya yana nan. Na uku, 'yan agajinmu na masallatai su shige gaba, kakinsu ya zo da sani. Na huɗu, kowane gida a samu ko mutum ɗaya, kuma a tura 'yan aiki da masu reno. Kuɗin horon, mu 'yan kasuwa mu ɗauka. Abin da muke kashewa a ɗinkin Salla ɗaya ya isa.

Takarda na nan bakin ƙofa wajen sakatare. Kada kowa ya fita sai ya rubuta sunansa ko sunan wanda zai tura daga gidansa.

Allah ya tsare mana zuriya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum.