Bugun Bututu Da Asuba

Baƙon da ya fito daga Kano ko Maraɗi ya kama gidan haya a unguwar Rusholme ta Manchester, ko Selly Oak ta Birmingham, ba ya rasa abin mamaki a hunturunsa na farko. Da asuba, gari ya yi tsit, sai ya ji ƙwas! ƙwas! a ƙarƙashin daɓe, kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Wani ya zaci ɓarawo ne, wani ya shiga neman tsari. Alhali kuwa na'urar ɗumama gida ce ta tashi aiki.

Ga yadda take. Akwai tukunya mai aiki da gas wadda ke zafafa ruwa, da ɗan inji mai tura ruwan cikin bututun jan ƙarfe zuwa faya-fayen ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki, masu aiki kamar lagireton mota. Ruwan ya zaga ya komo. To, ruwa ba ya tsami banza, kuma gwanin mai gyara ba ya kwance kome sai ya tambayi lokacin da ƙarar ke zuwa.

In da tashin wuta take zuwa, ko bayan an kashe, to, ƙarfe ne ke miƙewa. Bututun jan ƙarfe mai tsawon mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 60, yakan ƙara tsawo da misalin santimita 1. Gidaje da yawa a biranen nan biyu tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka gina su, daga baya ne aka ratsa bututu ta cikin katakon daɓensu. Inda gurbin ya matse, sai bututun ya maƙale, sa'an nan ya ƙwace da ƙarfi. Maganinsa a faɗaɗa gurbin, a shimfiɗa abu mai taushi.

In kuwa ƙululu ake ji, ga saman faifan da sanyi ƙasansa da zafi, iska ce ta shige. Da ɗan makulli ake sakinta har ruwa ya ɗigo. Bugu mai ƙarfi a sa'ad da bawul ke rufewa kuwa, sau da yawa injin ne ke tura ruwa fiye da kima, ko kuma an ɗaura bawul ɗin a juye.

Wadda ta fi bukatar lura ita ce ƙugin da ke fitowa daga tukunyar kanta, kamar butar shayi na tafasa. A Landan, inda ruwa ke ɗauke da alli, akan ɗora laifin kan farin dutsen da ke daskarewa a ciki. Amma fa a biranen nan biyu sai a yi hattara da wannan zato. Tun 1894 Manchester ke jan ruwa daga tafkin Thirlmere, tafiyar mil 96, Birmingham kuma tun 1904 daga kwarin Elan na ƙasar Wales, mil 73. Ruwan duwatsu ne, allinsa kaɗan. Saboda haka abin zargi a nan shi ne baƙin laka na tsatsa, wanda ke toshe hanya har ruwa ya tsaya ya tafasa, kumfar tururi ta riƙa fashewa. Wanda ya biya kuɗin kankare alli, watakila ya yi maganin cutar da babu ita. Wanke bututun ake yi, a zuba maganin tsatsa.

Sakin iska da duba agogon matsin ruwa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 1 da 1.5 in na'urar ta huce, aikin kowa ne. Buɗe tukunyar kuwa doka ta bar wa mai rajista da Gas Safe, wadda ta gaji CORGI a 2009. Haka kuma dokar 1998 ta wajabta wa mai gidan haya ya sa a duba kayan gas kowace shekara, ya ba ɗan haya takardar shaida. Dalili kuwa shi ne, bugun bututu barci yake hanawa, amma gubar kabon monoksayid da lalatacciyar tukunya ke fitarwa ba ta da ƙara, ba ta da wari, kuma tana kisa.