Ganye, Ruwa da Hasken Rana

(Jawabin da aka gabatar a taron malaman kimiyya na reshenmu a Unguwar Sarki, Kaduna)

 

Minti goma aka ba ni, don haka zan tsaya a kan darasi guda wanda kowannenmu yake ganin ya iya shi: yadda tsirrai suke samar da iskar da muke shaƙa. A zangon da ya wuce na duba takardun jarrabawar ɗalibaina na ƙaramar sakandare. Kusan kowa ya rubuta cewa itace yana karɓar iskar da muka fitar, ya mayar mana da mai kyau. Na ba su maki, domin haka muka koya musu. Amma da na tambayi ajin daga ina ita oksijin ɗin take fitowa, sai aka yi tsit. Laifin nawa ne, na ba su hadda ban nuna musu komai ba.

Amsar ita ce ruwa. Saiwa tana zuƙo shi daga ƙasa, ya hau har ganye. A cikin ganye akwai kulorofil, sinadarin da ya sa shi kore, wanda yake kama hasken rana. Da ƙarfin wannan haske ake fasa ƙwayar ruwa gida biyu. Haidurojin ya zauna, a haɗa shi da iskar kabon dayoksaid da ta shigo ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyen, a sami sukari, abincin itacen ke nan. Oksijin kuwa rara ce, sai ta fice ta waɗannan ƙofofi. Masana biyu a Amurka, Ruben da Kamen, su suka tabbatar a 1941 cewa daga ruwa take. Ashe mangwaron da ke harabar makaranta girkinsa kawai yake yi, mu kuma da rarar girkin muke rayuwa. Ikon Allah!

Waɗanda suka fara gano wannan al'amari ba su da kayan aikin da suka fi namu. A 1771 Joseph Priestley na Ingila ya kunna kyandir a cikin rufaffen gilashi har ya mutu, ya sa reshen na'a-na'a a ciki, bayan kwanaki ya ga kyandir ya sake ci a wannan iska. A 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya nutsa ganye cikin ruwa, ya ga kumfa na fita idan akwai rana, ta tsaya idan an kai shi inuwa. Wannan gwaji ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje, wanda yawancinmu ba mu da shi. Kwalba biyu masu haske, ruwa, da ɗan gansakuka daga bakin Kogin Kaduna sun isa. Malam ya ɗebo da kansa, kada a aiki yara kogi. A ajiye ɗaya a rana, ɗaya a cikin kabad, bayan awa guda yara su ƙirga kumfa da idonsu.

Sai kuma mu faɗa musu gaskiya a wuri biyu. Itace ma yana numfashi dare da rana, yana cin oksijin, sai dai abin da yake fitarwa da rana ya fi abin da yake ci. Maganar hana kwana a gindin tsamiya kuwa, na bar wa kakanninmu. Na biyu, oksijin kashi 21 cikin 100 ce ta iskar duniya, kuma kusan rabin wadda ake samarwa daga ƙananan tsirran teku take zuwa. Saboda haka kada mu tsorata yaro cewa idan an sare dalbejiyar ƙofar makaranta numfashinsa zai ɗauke. Zai girma ya gane ba haka ba ne, ya daina yarda da mu. Abin da za a rasa shi ne inuwar da ake karatu a ƙarƙashinta a watan Maris, da shingen da ke tare ƙurar hunturu.

A wata makaranta da na koyar, an sare itatuwa uku a hutu ɗaya aka gina shaguna a jikin katanga, ba a tuntuɓi malami ko ɗaya ba. Ina roƙon reshenmu ya rubuta wa hukumar ilimi cewa kada a sare itace a harabar makaranta sai da sanin malamai da iyayen yara, kuma kowane aji ya dasa guda idan damina ta sauka, a ba ɗalibai biyu amanar ban ruwa idan rani ya shigo.

Na zo da kwalabe biyun, suna bakin taga tun safe. Wanda yake so ya zo ya duba kafin a tashi.