Asusun Jinyar Gida: Haƙƙin Waɗanda Likita Ya Sallama



Dukkanmu mun san ranar da likita kan ja dangi gefe ya ce ciwo ya fi ƙarfin magani, a koma da mara lafiya gida. Kafin wannan rana an sayar da gona, jari ya karye. Daga nan nauyi kan faɗa wa mace guda, uwargida ko 'ya ko suruka, wadda za ta riƙa juya shi, tana wanke gyambon kwanciya, tana kwana zaune da nishinsa. Mu kuwa mazauna birni, sai rai ya yi halinsa mu cika motoci zuwa ta'aziyya, mu kashe a sadakar uku da ta arba'in abin da da ya sama masa sauƙi na watanni.

Ciwon da ba ya warkewa ana iya rage raɗaɗinsa, kuma wasu sun nuna hanya. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a Kampala, inda ma'aikatan jinya ke bin majinyata har gida da ruwan maganin mofin mai araha. A jihar Kerala ta Indiya, 'yan sa-kai na unguwa ke ziyartar irin waɗannan bayin Allah, da ƙananan gudummawar maƙwabta. A nan gida, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma har yau akasarin kuɗin magani daga aljihun iyali yake fita.

Don haka muke roƙon wannan taro ya kafa Asusun Jinyar Gida. Kowannenmu ya riƙa zuba wani abu duk wata, masu hali su tuna da shi wajen sadaka da waƙafi. Da shi za mu ɗauki ma'aikaciyar jinya mai zagayawa mako-mako, mu sayi katifa, bandeji, safar hannu da ƙunzugun manya, mu biya maganin raɗaɗi bisa takardar likita kaɗai, mu kuma tallafa wa mai jinya da abin cefane. Kwamiti zai buga lissafi a wannan mujalla kowace shekara, tare da rufa asirin majinyata, ba a ambaci sunan kowa ba.

Ma'aji na bakin ƙofa da rajista. Mu fara yau, tun waɗanda ke kwance suna iya jin alherinmu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cika da kyau, amin.