Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



Kowaccenmu ta san nauyin da ake ji idan aka je asibiti da larurar mata, aka tarar namiji ne a bakin aiki. Wata ma sai ta gwammace ta zauna a ɗaki da ciwonta. Maganin wannan kuwa shi ne 'ya'yanmu da ƙannenmu su karanci aikin jinya. To amma fa shekara 3 da yarinya ta yi a makaranta ba za su ba ta lasisin aiki ba, sai ta ci jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. Akwai ta amsa tambayoyi a kwamfuta, akwai kuma ta gwaji, inda za ta yi aikin da hannunta, mai jarrabawa na tsaye yana ba da maki, agogo na tafiya.

To, uwargida, idan akwai mai wannan shiri a gidanki, 'ya ce ko suruka ko abokiyar zama, ke ma kina da rawar takawa, ko da ba ki taɓa shiga aji ba. Ki ɗauke mata girki da raino na 'yan makonnin nan. Bayan sallar asuba a bar ta da littafinta, kada a aike ta. Sannan ki ba ta hannunki ta riƙa gwaji. Ta ƙirga bugun jijiyarki, wanda ga babba mai lafiya yakan kama daga 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ta auna wa yara zafin jiki, ta auna wa Hajiya hawan jini, tana yi tana faɗin abin da take yi da baki. Hannun da ya saba a tsakar gida ba ya rawa a gaban malami.

Ke kuma ɗaliba, ki riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki. Ki fi ba lissafin magani ƙarfi, don kuskuren ɗigo ɗaya kan mai da ƙwaya guda ta zama goma. Daren jarrabawa ki yi barci, ki yanke farce, ki karya kumallo, ki isa da wuri.

Sai maganar satar amsa. Kada a ɓoye takarda ko waya a cikin hijabi, kada kuma uwa ta sayar da akuyarta don wani ya ce yana da tambayoyin bana. Masu sa ido suna nan, in ma sun yi sake, Allah ba Ya barci. Wadda ta ci da maguɗi, gobe ita ce za ta riƙe allura a kan ɗan wata, wataƙila ma jikanki ne.

Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.