Baki Na Motsi, Ba A Jin Magana: Jawabi Kan Ɗora Bidiyon Gida A Faifai



Shugaba ya ce in yi bayani kan wannan matsala domin na daɗe ina sayar da kayan wuta, tun zamanin kaset ɗin bidiyo. To ni ba injiniya ba ne, ɗan kasuwa ne, amma abin ya ci ni, shi ya sa na bi diddiginsa.

A shekarar 2019 muka yi walimar saukar karatun ɗana. Yayana, Allah Ya jiƙansa, shi ya yi addu'a, ya yi wa yaron nasiha mai tsawo, aka ɗauka da waya. Bayan wata huɗu ya rasu. Hajiyarmu tana gida arewa, ba ta riƙe babbar waya, na'urar DVD gare ta da tsohuwar talabijin. Na kai wani shago aka ɗora mini a faifai, yaron ya kunna a kwamfutarsa, komai lafiya lau. Na ba direban tirela ya kai. Kwana uku sai ga waya: ga ɗanta tana gani, baki na motsi, ba ta jin ko kalma ɗaya. Jama'a, kukan da tsohuwar nan ta yi har yau yana kunnena. Kuma a lokacin na riga na sayar da wayar.

Abin da na gano shi ne, hoto daban, murya daban, ko da yake a fayil ɗaya suke. Kamar buhu ne aka zuba goro da dabino a ciki. Wayoyin yanzu suna ɗaukar murya da wani tsari mai suna AAC, a cikin fayil ɗin MP4. Kwamfuta ta san shi, shi ya sa a shago ake ji. Amma shi tsarin DVD da ya fito a 1996 bai san AAC ba. Abin da ya sani shi ne Dolby Digital, wanda ake kira AC-3, da PCM, da kuma MP2. Sa'an nan dole muryar ta kasance a ma'aunin 48,000, alhali faifan waƙa da VCD a 44,100 suke. Yaron shagon bai juya komai ba, kwafe fayil ɗin kawai ya yi ya zuba a faifai kamar yadda ake zubawa a filas. Na'urar Hajiya ta iya buɗe hoton, ta kasa buɗe muryar. Alhamdu lillahi muryar tana ciki. Da aka dawo da faifan muka juya shi yadda ya kamata, ta ji ɗanta.

Wani maƙwabcina bai yi wannan sa'ar ba. Shi wurin juyawar ne muryar ta faɗi gaba ɗaya, faifan ya fito bebe, kuma an riga an goge na cikin wayar don a sami wuri. Ɗaurin auren 'yarsa ke nan.

Saboda haka in ka je shago, ka ce faifan DVD na bidiyo kake so, ba na ajiyar fayil ba. Alamarsa, in an buɗe shi a kwamfuta za a ga jaka mai suna VIDEO_TS. Ka ce a sa muryar a AC-3, lasifika biyu, 48,000. Ni shi na fi amincewa da shi. PCM ma kowace na'ura tana karɓa, sai dai yana cin wuri, kuma faifan gigabait 4.7 ne kawai, wajen awa biyu in ana son hoto mai kyau. MP2 kuwa na'urorin da aka yi wa ƙasashen PAL irin Nijeriya suna karanta shi, amma na Amurka ba a wajabta musu ba. Ku tuna yawancinmu 'yan kwatano muke saye, ba mu san daga ina suka fito ba.

Akwai kuma wadda ta fi ba da haushi: a ji kiɗa da hayaniyar mutane, amma maganar mai magana ta yi can ƙasa. Sau da yawa wannan ba laifin faifan ba ne. An yi muryar ne don lasifika shida, ita magana tana bi ta na tsakiya, kai kuma waya biyu ka jona, ja da fara. Ɗauki rimot ka shiga saitin murya ka mayar da shi sitiriyo, magana za ta dawo. Kafin ma wannan, duba wayoyin. Rawaya ta hoto ce, ja da fara na murya. An sha kawo mini na'ura wai ta lalace, ashe yara ne suka sauya rami.

Sai wanda murya ke riga baki ko baki ya riga murya, tun ana daidai a farko har a ƙarshe a rabu. Ita waya yawanci hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa, kuma ba ta tsayawa a kan adadi ɗaya, in wuri ya yi duhu takan rage. Faifan PAL kuwa 25 yake so cif. In mai juyawar bai daidaita wannan ba tun farko, wa'azin awa guda sai ya zama abin dariya. Don haka kada ka duba farkon faifai kawai, tura shi can wajen ƙarshe ka kalli bakin mai magana.

Roƙona ga matasanmu masu wannan sana'a, ku ajiye tsohuwar na'urar DVD da ƙaramar talabijin a shago, a gwada a gaban mai kaya kafin a karɓi kuɗinsa. Gwaji a kwamfuta ba gwaji ba ne. Mu kuma kada mu goge na asali, mu ajiye shi a filas ko memori, a wuri biyu in da hali.

Na kawo na'ura ɗaya na bari a ofishin ƙungiya wurin sakatare. Duk mai faifan da zai aika gida ya biyo ya gwada bayan la'asar, ba a biyan ko kwabo. Allah Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.