Zoɓo da Citta a Kasuwar Duniya: Daga Ina Doka Take Farawa?



Kaso mai tsoka na zoɓon da ake tarawa a Maigatari da Dawanau ƙasar Meziko yake nufa, inda ake jiƙa shi a sha kamar yadda muke yi. Cittar Kachia da Kafanchan kuwa, Turai da ƙasashen Larabawa sun san ƙamshinta. Masu saye suna nan. Abin da ke hana kayanmu shiga shi nake so mu duba yau.

Yawancinmu in an ce dokar fitar da kaya, takardu muke tunawa: rajista da hukumar NEPC, fom ɗin NXP a banki, da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS. Duk wajibi ne, ba kuma zan ɓata muku lokaci a kansu ba, domin mai haƙuri da bin ofis zai same su. Sai dai takarda ba ta gyara kayan da suka lalace tun a wurin shanya.

Ku ɗauki citta. Tarayyar Turai ta ƙayyade gubar afulatoksin a cikinta: jimillarta kada ta wuce maikurogiram 10 a kilo ɗaya. Funfuna ke haifar da wannan guba, funfuna kuwa laima take bi. Manomin da ya shanya cittarsa a ƙasa, ko ya ɗura ta a buhu ba ta gama bushewa ba saboda dillali na gaggawa, ya riga ya karya dokar Turai, alhali ko Legas bai taɓa zuwa ba. Ido ba ya ganin gubar, ɗakin gwaji ne ke tona ta.

Sai ajiya, inda muka fi shan kashi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda sinadarin da muke kira fiya-fiya ya wuce ƙa'ida a jikinsa. Wake ba zoɓo ba ne, na sani, amma hannun da ya zuba wa wake maganin shi ke kula da siton zoɓo. Ita ma Meziko ta taɓa rufe wa zoɓonmu ƙofa na shekaru, saboda ƙwarin ajiya da aka gani a cikin kaya. Laifin 'yan kaɗan ne, amma har mai kaya masu tsabta ya kwana da nasa a sito. Ka bar ƙwaro a ƙi kayanka, ka zuba guba a ƙi su. Mafita ita ce bushewa sosai, sito mai tsabta, da turaren kashe ƙwari a hannun waɗanda hukuma ta amince da su.

Don haka roƙona ga ƙungiyoyin manoma shi ne: ku haɗa kuɗi ku sayi tamfol da na'urar auna laima, ku riƙa rubuta gonar da kowane buhu ya fito, ku kuma kai samfuri gwaji kafin a yi lodi.