Fahimtar Karatun Turanci a Sakandare: Lacca ga Malamai da Iyayen Yara na Boɗinga da Shagari



Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na sakandare a Boɗinga ko Shagari ya san ƙofar jami'a ba ta buɗuwa sai da kiredit a Turanci, na WAEC ko na NECO, ga kuma JAMB tana jiransa da tambayoyi 60 na Turanci. A cikin takardar WAEC da NECO akwai wurin da ake ba shi nassi ya karanta, ya amsa tambayoyi a kai, ya kuma taƙaita wani nassin cikin 'yan jimloli. Masu duba takardun WAEC sun sha kokawa cewa ɗalibai kwaso jimlolin nassin kawai suke yi su zuba a matsayin amsa. Maganin da muka saba da shi kuwa ɗaya ne: a tara yara a lesin, a yi ta bitar tsofaffin tambayoyi. Ni a ganina mun ɗauki ma'auni mun mai da shi abinci. Tsofaffin tambayoyi mudu ne, kuma komai yawan awo ba ya ƙara gero a buhu.

Me ke hana yaro fahimtar nassi? Na farko ƙarancin kalmomi. Binciken masanin harshe Paul Nation da abokan aikinsa ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu shi kaɗai cikin natsuwa, sai ya san kusan 98 cikin kowace kalmomi 100, kuma karatun jarida ko littafin labari na Turanci yana neman kalmomi 8,000 zuwa 9,000. To ku ƙaddara nassi mai kalmomi 400, yaro bai san ɗaya cikin goma ba. Ramuka 40 ke nan a shafi guda. Babu dabarar "fara karanta tambaya kafin nassi" da za ta cike su. Na biyu kuma ya fi zurfi. Gwajin karatun da aka yi a jihohin Sakkwato da Bauchi a 2013 ya gano cewa mafi yawan 'yan aji biyu na firamare ba sa iya karanta ko kalma ɗaya da Hausa, harshen da suke mafarki da shi. Wannan na cikin abin da ya haifar da shirin koyar da karatu na Mu Karanta daga baya. Waɗancan yaran, waɗanda suka jure har ƙarshe, su ne suka zauna WAEC wajen 2023. Wanda bai taɓa bin zaren labari a rubuce da harshensa ba, ta yaya zai bi shi da harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa?

Wani zai ce: ai Sinawa ma bita suke yi, kuma suna ci. Gaskiya ne. Jarrabawarsu ta shiga jami'a, wato gaokao, wadda aka dawo da ita a 1977, ta tara ɗalibai sama da miliyan 13 a 2024, kuma karatun nassi ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka a takardar Turancinta. Ɗalibansu na kwana suna tashi kan tsofaffin tambayoyi. Sai dai a duba kan me aka ɗora bitar. Yaron ƙasar Sin ya shafe shekara 12 yana karanta lissafi da kimiyya da tarihi da Sinanci. Ya san yadda ake kamo jigon sakin layi, ya san bambancin hujja da misali, kalmomin Turanci kawai yake ɗorawa a kan gwanintar da ya riga ya mallaka. Turanci a wurinsa darasi ɗaya ne, mai maki 150 cikin 750 a yawancin lardunan ƙasar. A wurin yaronmu kuwa Turanci ne ke ɗauke da sauran darussa, in ya faɗi ya faɗi da su duka.

Wani kuma zai ce shigar da Hausa aji cin lokacin Turanci ne. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi a yau, domin a Nuwamban 2025 gwamnatin tarayya ta soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, Turanci yana darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararren malami, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Mu a nan ma ba sai mun je Ife ba. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, a Boɗinga ƙaninsa Abdullahi ya zauna. Larabci ba harshen uwar almajiransu ba ne. Ana karanta nassi, ana warware shi da Fulfulde ko Hausa, har aka samu malaman da suka wallafa littattafai da Larabci. Shehu Shagari ma, tun yana malamin makaranta, da Hausa ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu, kuma hakan bai hana shi Turancin da ya mulki Nijeriya da shi daga 1979 zuwa 1983 ba.

Sai dai kar a ɗauka fassara kalma bayan kalma ta wadatar. Yaron da kullum sai malam ya tauna masa, ranar jarrabawa zai waiwaya bai ga malam ba. Hausa za ta buɗe masa ma'ana, yawan karatu ne zai tsayar da shi da ƙafarsa. A tsibiran Fiji, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun kai littattafan labari kusan 250 na sauƙaƙan Turanci ajujuwan wasu makarantun ƙauye, aka ware lokacin karatu kullum. Bayan wata takwas, ci gaban yaran a fahimtar karatu ya kusa ninka na waɗanda aka bari kan darasin da aka saba. Sun buga sakamakon a 1983. Ku lura, littattafan masu sauƙi ne. Ba a ba ɗan aji ɗaya nassin WAEC, ana ba shi abin da zai karanta ya ji daɗi ya nemi wani.

Saura maganar lokaci da kuɗi. Ɗan ajin ƙarshe da jarrabawa ta rage masa wata uku, a ba shi tsofaffin tambayoyi, domin ya san siffar takarda da yadda ake raba lokaci, wannan shi ne muhallinsu. Amma 'yan ƙaramar sakandare suna da shekara uku zuwa shida a gabansu. Rabin awa kullum a jadawali, akwati ɗaya na littattafai a kowane aji, malami ya nemi yaro ya faɗi abin da ya karanta da Hausa tukuna, sannan ya rubuta shi cikin jimla biyu na Turanci. Kuɗin da iyaye ke biya na lesin a zango ɗaya zai fara cika akwatin, kuma ƙungiyar iyaye da malamai ta kowace makaranta tana iya yanke wannan shawara a zamanta na gaba ba tare da jiran takarda daga ma'aikata ba.